Gangar Da Ta Ce A Zauna

Ranar da Mika'ilu ya fara ganin Ramlatu kunnuwansa a toshe suke, shi ya sa ta yi sallama har sau uku bai amsa ba.

A gindin wata ɗorawa ce, bakin gonar tsoho Hammadu da ke Tarai, cikin daminar shekarar da aka ba ƙasa mulkin kai. Mika'ilu na tsugune gaban akwatin ɗaukar sauti, ya kifa abin saurare a kunnuwansa, ido a kan wani ɗan tsinke da ke rawa cikin gilashi. Can cikin gona gayya ta yi gayya. Majiya ƙarfi sun fi arba'in, kowa da garmarsa, Mato Sarkin Ganga na biye da su da gangar noma, Ramalan mai kazagi na gefensa yana watsa ƙananan bugu kamar ana suyar gyaɗa.

Sai kawai ya ga an dire ƙwaryar fura a gabansa. Ya ɗaga kai. Wallahi tsinken nan da aka turo shi tun daga Kano don ya kalla, bai sake tunawa da shi ba.

Doguwa ce, baƙa, da 'yar wushirya, ta riƙe ƙugu tana dubansa.

"Malam, a Kano ba a amsa sallama ne?"

Ya fizge abin kunnen a gigice. "Wa alaikumus salam! Ki gafarce ni, ban ji ba. Kuma ni ɗan Rano ne, aiki ne ya kai ni Kano. Malam Isiyaku tela shi ne mahaifina."

"Au, ashe na gida ne ya kurumce. To ni Ramlatu ce, mai gangar can babana ne. Ya ce a kawo wa baƙo fura." Ta leƙa akwatin. "Da gaske gangarsa kake ɗurawa a cikin wannan abin?"

Maimakon ya amsa sai ya miƙa mata abin sauraren. Ta ɗora a kan kallabinta, ta zaro ido, ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Baba ne a tsakiyar kaina!"

Ta yi shiru tana saurare, kanta na ɗan rausaya. Can sai ta yamutsa fuska. "Amma kazagin Ramalan ya cika matsowa, yana taka wa Baba ƙafa. Ka ɗan kawar da abin ɗaukar nan daga wajensa."

Mika'ilu ya so ya ce shekararsa biyu a kamfanin faifan garmaho, ba ya bukatar a koya masa. Amma da ya mayar da abin kunnensa sai ya ji gaskiyarta. Ya tashi sum-sum ya gyara.

"Ka san abin da gangar take cewa kuwa?" ta tambaye shi da ya dawo.

"Magana take yi?"

"Kai, 'yan boko! Saurara. Bugu biyun nan masu nauyi, su ne ka-da. Sauran marasa nauyin su ne ka zauna, manomi, rana ta yi. Kada ka zauna, manomi, rana ta yi. Ko jariri a Tarai ya san wannan."

Shi ma don kada a bar shi a baya sai ya shiga ba ta labarin aikinsa. Ya ce ɗauka ba ita ce wahalar ba. In ya koma Kano akwai wata babbar na'ura mai maɓallai uku da ake murɗawa kafin a yanka faifai: ɗaya na sauti mai kauri, ɗaya na tsakiya, ɗaya na mai kaifi. Aikinsa ya daidaita su, kada wani ya danne wani.

"Na gane," in ji ta. "Ciki, da ƙirji, da hanci."

Ya yi dariya har ya kusa kifar da furar. Tun daga ranar bai sake kiran maɓallan nan da wani suna ba.

To, ka san sha'anin so. Duk ƙarshen mako Mika'ilu sai ya zo gida Rano, in an yi la'asar ya haye kekensa sai Tarai, wai yana so ya ƙara fahimtar gangar noma. Mutanen Tarai kuwa ba yara ba ne, sun ga irin gangar da yake fahimta a ƙofar gidan Mato.

Ramlatu ta yi ajin yaƙi da jahilci na mata a Kibiya, har ta kai tana taya malamar koyarwa, saboda haka rubutu ba ya yi mata wuya. Gwaggonta Dije, wadda ke kai daddawa kasuwar Rano, ita ta zama gidan wayarsu. Wasiƙun duk warin daddawa suke yi, amma Mika'ilu a aljihun ƙirji yake ajiye su.

Ga irin abin da yake rubutawa:

"Zuwa ga Kunnena. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yau na saurari kiɗa iri tara a wurin aiki, babu wanda ya kai sallamarki daɗi, ko da yake ban amsa ba. Ki gaida Baba da Inna. Naki, Mika'ilu."

Ita kuma ta mayar:

"Zuwa ga Na Rano. Na ga takardarka. Wato duk sunayen duniya ka rasa abin da za ka kira ni sai kunne? To na karɓa, tunda mutum ba ya fita ya bar kunnensa a gida. Ka riƙa cin abinci, ranar nan na ga wuyanka ya yi tsawo. Taka, Ramlatu."

Mato kansa yaron ya kwanta masa. Wata rana ya kira shi zaure ya ce, "Ɗan nan, na ga take-takenka, kuma ban ga aibunka ba. Ka kawo mana faifan mu ji, bayan nan ka ce wa Malam Isiyaku ya turo."

Mika'ilu ya koma Rano a ranar bai san ko keken ke ɗauke da shi ko shi ke ɗauke da keken ba.

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba, Ramalan. Shekara bakwai yana bin Mato da kazagi, kuma ya daɗe da sa wa ransa cewa ganga da ɗiyar mai ganga duk shi za su faɗo wa.

A Kano kuwa aiki ya zo da gardama. Da Mika'ilu ya yanka faifan gwaji ya ɗora, duk sanda gangar Mato ta yi bugun nan mai nauyi sai allurar garmahon ta yi tsalle ta bar layi. Ya sake, ta sake tsalle. Sai ya kama maɓallin ciki ya rage. Allura ta ɗan natsu. Ya ƙara ragewa, ta zauna daram. Don abin ya yi haske kuma sai ya ɗan ƙara hanci.

Tun safe yake abu ɗaya har la'asar sakaliya, kunnuwansa sun gaji sun daina faɗa masa gaskiya. Ga shi lasifikar ɗakin aikin ƙatuwa ce, ko sauro ya yi kuka a cikinta sai ka ce sa ne. Ya saurara ya ji komai tas. Baturen da ke shugabantar wurin ya leƙo ya gyaɗa kai, ya ce a shirya uwar faifai, wadda daga ita ake buga sauran, a sa a jirgin ƙasa zuwa Ikko, don a buga da yawa kafin bikin mulkin kai.

Ranar Lahadi Mika'ilu ya isa Tarai da faifan gwaji naɗe a cikin sabon ƙyalle, ya sha farar riga, hula a karkace. Habu mai kanti ya fito da garmahonsa, irin wanda ake wanawa da hannu, ya ɗora a kan benci. Gari ya taru. An shimfiɗa wa Mato buzu a gaba, mata na leƙe ta saman danga, Ramlatu a cikinsu.

Habu ya wana, ya ɗora allura.

Kazagi ya fito ƙal-ƙal-ƙal, kai ka ce a gaban hancinka ake buga shi. Muryoyin 'yan amshi suka fito. Sannan ganga ta shigo, in dai wannan za a kira ganga. Wani ɗan kwas-kwas ne kamar ana buga gwangwanin madara. Bugu biyun nan masu nauyi kuwa, ko sama ko ƙasa.

Sai tsoho Hammadu ya karkata kunne, ya ce, "Jama'a, ku ji abin da nake ji kuwa? Cewa take ka zauna, manomi, rana ta yi!"

Ai fa sai wuri ya ɓarke. Wani saurayi ya zube a ƙasa ya miƙe ƙafa yana cewa, "Gangar Mato ta ce a zauna, ni wa ne da zan ƙi?" Nan da nan samari suka bi sahu, kowa ya zauna daɓas, ana dariya har da riƙe ciki.

Ramalan ya jira dariya ta lafa, sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa amma yadda kowa zai ji, "Akwatin Nasara dai ba ya ƙarya, abin da ya ji shi yake faɗa. Hannu in ya tsufa ya tsufa."

Mato ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi, ya tashi ya naɗe buzunsa ya shige gida. Shekara talatin da biyar yana tayar da manoma tsaye, yau an zauna masa a gaban idonsa.

Mika'ilu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kafin ya kai ga kekensa Gwaggo Dije ta tare shi da saƙo: Mato ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidansa, zancen turowa kuma a bar shi.

Ramlatu ta same shi a zauren Dije, idonta jawur.

"Me ka yi wa Baba?"

"Ramlatu, ki tsaya ki ji. Allura ce take tsalle, dole na rage. Kuma wallahi ma'auni ya nuna daidai, tsinken bai taɓa wuce inda ya kamata ba."

"Tsinke?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka farke wa ganga ciki, ka tsaya kana ba ni labarin tsinke? To ka je ka auri tsinken!"

Ta fice ta bar shi riƙe da faifai.

Kwana goma sha biyu Mika'ilu bai san ɗanɗanon abinci ba. Ya roƙi Baturen a dakatar da uwar faifan, aka ba shi wata guda, daga nan jirgi ba zai jira kowa ba. Amma ya rasa ta inda zai kama. In ya mayar da ciki allura ta yi tsalle, in ya rage ganga ta mutu.

Ana cikin haka ya ci karo da Ramalan a kasuwar Rano, ya sha sabuwar hula.

"A'a, Malam mai akwati! Ai ina neman ka in yi godiya, ka fito da ni sosai. Af, ka ji an kai gorona gidan Sarkin Ganga? In an sa rana za a aiko maka."

Mika'ilu ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya wuce. Bai yi taku ashirin ba ya ji an ja masa riga. Gwaggo Dije ce, ta cusa masa takarda a hannu tana harararsa.

"Ungo, sarkin zuciya. Ita ta ce ka tafi, kai kuma sai ka tafi? Haka ake neman aure a Rano?"

Ya buɗe takardar nan take.

"Zuwa ga Na Rano. Na yi fushi, kuma har yanzu da saura. Amma Baba ya rataye ganga, tuwo ma sai Inna ta yi da gaske yake ci. Ya yarda hannunsa ya mutu. Ni na san ƙarya ne, kai ma ka sani. Goron Ramalan yana nan a zaure yana bushewa, na gaya wa Inna ko ɓara ɗaya ba zan ci ba. Ranar Laraba akwai gayya a Rurum Tsohon Gari, Baba ya yi alkawarinta tun bara, ya ce daga ita ya ajiye kiɗa har abada. Ka je. Kada ka kai akwati, kada ka sa komai a kunne. Ka ari garma ka shiga sahu. Taka har yanzu, Kunnenka."

Ya karanta har yanzu ɗin nan ya fi sau goma a tsaye a tsakiyar kasuwa, jakuna na ture shi.

Ranar Laraba ya kifa malfa har gira, ya shiga tsakiyar manoman Rurum. Kai jama'a, hannun da ya saba da murɗa maɓalli! Kafin hantsi tafinsa ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa, bayansa ya ƙage, gumi na shiga masa ido. Ya yanke shawarar ya ɗan tsuguna ya huta.

Sai ganga ta faɗo masa a baya. Ka-da!

Bai san sanda ya miƙe ba. Ya sake kai sara, ya sake jin ta, kuma a wannan karon ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba. Bugun kashi biyu ne. Akwai rugugin da ke bi ta ƙasa ya shigo ta tafin ƙafa, wannan shi ke sa allura tsalle, kuma babu garmahon da zai iya fitar da shi. Amma kafin rugugin akwai wani dum da ke dukan mutum a ƙahon zuci, kuma a nan maganar take. Shi da ya tashi rage rugugi sai ya haɗa da dum ɗin ya kwashe. Lallai jiki ya fi kunne ji.

Gangar nan kuwa ta ƙi barin bayansa. Duk inda ya karkata tana nan, har aka kai ƙarshen gona. Da aka tashi, Mato ya zo wucewa ta gabansa, bai dube shi ba, ya ce wa iska, "Wannan mai malfar kunyarsa duk a karkace take. Amma dai bai zauna ba."

Washegari Mika'ilu ya koma Kano da hannu naɗe da tsumma. Ya je wurin wani mai shayi ya aro garmaho irin na Habu sak, ya ajiye kusa da babbar lasifika, ya ce daga yau wannan ne alƙali, tunda shi mutane ke da shi. Ya daina aikin yini. Da sassafe yake saurare, in kunne ya fara gajiya ya fita ya zaga. Ya mayar da ciki kaɗan, iya abin da allura za ta ɗauka. Ya ɗaga ƙirji a hankali, a hankali, har dum ɗin ya fito. Ya rage ƙarfin faifan gaba ɗaya don ganga ta sami wurin numfashi.

Faifai huɗu ya ɓata. A na biyar ƙaramin garmahon nan ya buɗe baki ya ce ka-da, sarai.

Saura hanci. Ya kai hannu, sai kazagi ya yi ƙal-ƙal, sai sabuwar hular Ramalan ta faɗo masa a rai. Ya rage. Ya tuna in an sa rana za a aiko maka. Ya ƙara ragewa. Ya gaya wa kansa gyara yake yi.

Ranar Asabar ya kai faifan zauren Gwaggo Dije, aka aro garmahon Habu a ɓoye cikin buhu. Ramlatu ta shigo ba ta ko kalle shi ba, ta zauna ta rufe ido.

Da bugu biyun suka fito sai hawaye suka zubo mata. "Baba ne," ta ce a hankali. "Wannan Baba ne."

Mika'ilu ya fara washe baki. Sai ta buɗe ido ɗaya.

"Ina Ramalan?"

"Yana nan mana, can ciki."

"Can ciki ina? Ka tura shi rijiya ka rufe da faifai. Ji yadda kiɗan ya dushe, kamar an lulluɓe shi da bargo." Ta kalle shi, wushiryar ta fara leƙowa. "Na Rano, kishi nake ji a faifan nan."

Gwaggo Dije ta kwashe da dariya har da tafa cinya. Mika'ilu ya sunkuyar da kai yana wasa da tsumman hannunsa.

"Ya ce an kai goronsa," ya faɗa kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"To sai me? Ni na ce maka na ci? Saurara, ganga ba ta tafiya ita kaɗai, kazagi ne ke share mata hanya. Da farko ka bar yaro ya hau kan ubangidansa, yanzu kuma ka kore shi daga gidan. Ka ba kowa wurinsa." Ta sassauta murya. "Ni ai wurinka daban ne, ba sai ka danne wani ba."

Ta jawo hannunsa ta duba ƙurajen, ta ce wa Dije a kawo man kaɗanya. Wallahi a ranar da za a ce ya sake nome gonar Rurum shi kaɗai, da ya amsa.

Ya koma Kano ya mayar wa kazagi haƙƙinsa, ba ƙari ba ragi. Kwana biyu suka rage wa jirgi.

Sai dai Mato ya rantse ba zai sake zama gaban garmaho ba. Dije ta yi, Hammadu ya yi, ya ce a ƙyale shi. Ramlatu ce ta kawo dabara. Da hantsi, lokacin da Mato ke zaune a zaure yana gyaran igiya, aka ajiye garmahon a bayan katangar gidan, wajen da ɗakin gangarsa yake. Mutane suka taru shiru, har da Ramalan, wanda ya zo ganin a sake yin dariya.

Habu ya wana. Mika'ilu ya ɗora allura da kansa, yana karanto duk addu'ar da ya sani.

Kazagi ya share hanya. Ganga ta shigo da ƙirjinta.

Daga cikin zaure aka ji tsawa. "Kai! Wane marar kunya ne ya taɓa min ganga?"

Suka ji takunsa da gudu zuwa ɗaki. Shiru. Ganga na nan a rataye inda ya bar ta, har da ƙura. Can sai ga shi ya zagayo bayan katanga, ba hula, igiya a hannu. Ya tsaya yana kallon ɗan akwatin da ke juyawa.

Ka-da ka zauna, manomi, rana ta yi.

Tsoho Hammadu, wanda gwiwa ta hana shi tsayuwar kirki shekara uku, ya dafa sanda ya miƙe, kafaɗunsa na motsi. Saurayin nan da ya fara zama ranar dariya ya sunkuyar da kai.

Mato ya saurara har faifai ya ƙare. Ya ɗaga hannunsa na dama ya dube shi.

"Ashe kana nan," ya ce wa hannun.

Mika'ilu ya zube a gabansa. "Baba, hannunka bai taɓa mutuwa ba. Ni ne na yi kuskure, na gaskata na'ura na ƙi tambayar masu abu. Ka yafe mini."

"Wa ya nuna maka inda maganar take?"

"Gonar Rurum ta nuna min rabi. Rabin kuma..." Ya saci kallon danga.

Mato ya bi idonsa, ya ga kallabin Ramlatu ya yi saurin nutsewa. Ya yi gyaran murya don kada a ga murmushinsa.

"Hammadu, kai ne babba a nan. Mutumin da ya ɓata abu a gaban jama'a, ya dawo ya gyara a gaban jama'a, me ake yi masa?"

"Ba shi abin da yake nema ake yi," in ji Hammadu.

"To tashi, ɗan nan. Ka ce wa Malam Isiyaku ina jiran sa ranar Juma'a."

Guɗar Gwaggo Dije sai da ta tayar da tantabarun unguwar.

Ramalan ya daɗe tsaye. Daga baya ya matso ya durƙusa wa Mato ya nemi gafarar maganar da ya yi, sannan ya juyo wajen Mika'ilu yana susar ƙeya. "Malam, na zaci za ka binne ni a faifan nan."

"Na gwada," in ji Mika'ilu. "An hana ni."

Ramalan ya yi dariya, ya miƙa masa hannu. Goron nasa kuwa shi aka raba wa jama'a a wurin, duk da ya ɗan bushe.

Uwar faifai ta kama jirgi. Ranar bikin mulkin kai gangar Mato ta yi magana a kantunan Rano da Kibiya har da Kano, shi kuwa yana filin Kibiya da gangarsa a kafaɗa, an ce sai da aka roƙe shi ya huta.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a ƙofar gidan Mato. Mutanen Rano sun cika mota guda, na Yalwa da Rurum suka zo a kan jakuna da kekuna. Da aka shafa fatiha sai aka ga Mato ya shiga gida ya fito da ganga. Mutane suka yi mamaki, don ba a saba uban amarya ya yi kiɗa da kansa ba.

Mika'ilu, ango guda, da babbar riga da komai, ya zabura wajen akwatinsa da ya ɓoye a mota. Mato ya ɗaga masa hannu.

"Rufe abin nan, ɗana. Na ba duniya nata a faifai. Wannan na ɗiyata ne."

Ya juya ya fuskanci katangar da Ramlatu ke bayanta cikin lulluɓi, ya fara bugawa a hankali, wani take da ba wanda ya taɓa ji. Ba na noma ba ne, ba na rawa ba. Tun tana goye yake buga mata shi a tsakar gida in tana kuka, bai taɓa fitar da shi waje ba sai yau. Daga cikin gida aka ji amarya ta fashe da kuka, mata na rarrashi su ma suna sharar ido. Mato bai tsaya ba har ya kai ƙarshe, hawaye na bin gemunsa.

Sannan ya sauke ganga, ya kama hannun Mika'ilu da hannun nan nasa na dama, ya riƙe gam.

"Ga ta nan, amana ce. In ta faɗa maka abu ka saurara, ta fi ka ji. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Jama'a suka amsa da amin har bakin kasuwa. Mika'ilu ya riƙe hannun Mato da hannu biyu, yana ta gyaɗa kai.